Ƙarin Amfilifaya a Silimar Gida: Buƙata Ce Ko Ado?

Duk wanda ya haɗa silimar gida ya zauna da ita shekara ɗaya ko biyu, akwai ranar da zai fara jin kamar sautin zai iya fin haka. Talabijin babba ce, sifikoki biyar ko bakwai sun kewaye falo, wufa, sifikar nan mai fitar da sauti mai kauri, tana ruri a lungu, amma zuciya ba ta kwanta ba. A nan ne wani zai ba shi shawara ya sayi amfilifaya ta daban ya jona wa risibarsa. Wani kuma ya ce kada ya kuskura, zubar da kuɗi ne kawai. Kowanne cikinsu yana magana da yaƙini, kuma kowanne yana riƙe da hujjar da ba a yi mata kallon raini.

Risibar da ake magana a kai ita ce ta sauti, irin waɗanda kamfanonin Denon, Yamaha, Marantz da Onkyo suke ƙerawa. Ayyuka biyu ne a cikinta. Na farko, ta karɓi sauti da hoto daga dikoda ko na'urar wasa ko intanet, ta warware sautin, ta raba wa kowane layi nasa. Na biyu, ta ƙarfafa wannan siririn sauti har ya iya motsa sifika. Amfilifaya ta waje aiki na biyun kawai ta sani. Ba ta da rimot, ba ta zaɓen tasha, ba ta san Dolby ba. Ana jona ta ne ta wasu ramuka a bayan risiba da aka rubuta wa "Pre Out". In babu waɗannan ramuka, magana ta ƙare tun ba a fara ba, kuma ƙananan risibobi da ƴan saitin nan masu zuwa a kwali ɗaya da sifikokinsu galibi ba su da su. Wanda yake da ramukan shi ne muhawarar ta shafa.

Hujjar masu cewa a ƙara

Abin da suke fara nunawa shi ne lambar wat da aka buga a jikin kwali. Ɗauki Denon AVR-X3800H, wadda ta fito a 2022 kuma ta yi farin jini. Kamfanin ya ce tana ba da wat 105 a kowane layi, amma in ka karanta ƙananan rubutun za ka ga an auna ne layuka biyu kawai suna aiki, alhali tana da tara. Duk taran nan daga taransifoma ɗaya suke shan wuta. Kamar tanki ɗaya ne da ke ba famfuna tara ruwa: in biyu aka buɗe, ruwa na zuwa da ƙarfi, in aka buɗe duka, kowanne ya koma tsiyaya. Masu ƙera kayan ba su ɓoye wannan ba. Marantz ma ta mayar da shi talla, tana alkawarin cewa in layuka biyar suna aiki lokaci ɗaya, risibobinta za su ba da aƙalla kashi 70 cikin ɗari na lambar da aka rubuta. Wanda ya yi alfahari da kashi 70 ya gaya maka cewa akwai waɗanda ba sa kaiwa nan.

Wasa da lambar wat tsohon ciwo ne. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kafa ƙa'idar yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya, saboda ƙaryar ta yi yawa. A kasuwanninmu kuwa har gobe za ka ga ɗan ƙaramin saiti an lafta masa wat dubu biyar da haruffan PMPO a gefe, lambar da ba ta da wata ƙa'idar awo da kowa ya yarda da ita. Masu goyon bayan amfilifaya ta waje suna cewa kamfanoni irin su Rotel, NAD, Parasound da Emotiva sukan faɗi ƙarfin kayansu duk layukan suna aiki, don haka mai saye ya san abin da ya biya.

Hujja ta biyu ta shafi yadda ake haɗa sautin fim. A ɗakunan haɗa sauti na silima akwai ma'aunin da ake bi: ana saita kowane layi a kan desibel 85, a bar masa sararin desibel 20 a sama, don haka fashewar bam ko rugugin aradu zai iya kaiwa 105 a sifika ɗaya, layin wufa kuma 115. Tazarar desibel 20 na nufin ƙarfin wuta ninki ɗari. Ana cikin hira a hankali da wat ɗaya ko biyu, cikin ƙiftawar ido sai a buƙaci ɗari ko fiye. In amfilifaya ta kasa, sai ta datse kan sautin, ya fito da kaushi yana soke kunne, kuma wannan datsewa tana cikin abubuwan da ke ƙona tuwita, ƴar ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririn sauti. Masu gyaran kayan sauti sun saba ganin tuwitar da ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa ta kashe.

Ta uku, sifikoki ba ɗaya suke ba. Mai om 4 tana jan wuta ninki biyu na mai om 8 a bolt iri ɗaya, kuma wasu masu tsada sukan sauka ƙasa da 4 a wasu muryoyin. Risiba tana iya tuƙa su, amma da gumi. Za ta yi zafi, wani lokaci ta kashe kanta ana tsakiyar fim don kare kayan cikinta. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Allon da ke sarrafa hoto da sauti yana zaune a akwati ɗaya da sashen da ke fitar da zafi, ga ƙurar hunturu ta toshe ramukan iska, ga akwatin an cusa shi cikin kabad mai ƙofar gilashi. In aka ɗauke wa risiba nauyin manyan sifikokin gaba, za ta yi sanyi, kuma kayan lantarki masu sanyi sun fi daɗewa.

Akwai kuma inda babu zaɓi. Wannan Denon ɗin da aka ambata tana iya sarrafa layuka goma sha ɗaya, amma amfilifayar cikinta tara ce. Wanda yake son cikakken tsarin Dolby Atmos mai sifikoki bakwai a ƙasa da huɗu a silin dole ya nemo amfilifaya mai layi biyu ya cike giɓin.

Hujjarsu ta ƙarshe ta tattali ce. Fasahar sarrafa sauti ba ta zama wuri ɗaya. Dolby Digital ta shiga silima a 1992, DTS ta biyo baya a 1993 da fim ɗin Jurassic Park, Dolby Atmos ta zo a 2012 ta shiga gidaje a 2014, HDMI kuma kullum cikin sabon salo take. Duk sauyin da aka yi, risiba ce ke tsufa. Amfilifaya kuwa ba ruwanta. Mai kyau takan yi shekara ashirin tana aiki, a sauya risiba sau biyu ko uku tana nan. A ganinsu, gara mutum ya zuba kuɗinsa a abin da zamani ba ya yi wa ritaya.

Hujjar masu cewa a bari

Su kuma waɗannan da lissafi suke buɗe baki. Kunnen ɗan'adam ba ya jin wat yadda aljihu yake jin sa. In ka ninka ƙarfi sau biyu, daga wat 100 zuwa 200, desibel 3 kacal ka ƙara: za ka lura, amma ba zai ba ka mamaki ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato ƙarfi ninki goma. Mai risibar wat 100 da ya sayi amfilifayar wat 200 ya sayi taki uku ne a kan rimot, kuma a can ƙarshen ma'auni, inda watakila bai taɓa kaiwa ba.

Ga misali da za a iya bi da biro da takarda. Sifika ce da aka rubuta mata desibel 87, ma'ana wat ɗaya yana ba da ƙarar desibel 87 a nisan mita ɗaya. Kujerar mai gida tana nisan mita uku. Nisan zai ci kusan desibel 9, saura 78, ko da yake bangon ɗaki yakan mayar da kaɗan. Don a kai desibel 105 na ma'aunin silima, ana buƙatar kusan wat 500. Wannan lamba tana faranta wa masu sayar da amfilifaya rai. Amma a rage ƙarar da desibel 10, buƙata ta faɗo zuwa wat 50. A rage da 20, ta koma wat 5. A risibar da aka saita da makirfonta, lambar sifili a ma'aunin ƙara ita ce ma'aunin silima, kuma mafi yawan masu kallo a gida nesa da ita suke zama, domin a falo wannan ƙara ta wuce jin daɗi. Mutumin da yake kallo a ƙasa da sifili da taki 20 bai taɓa tambayar risibarsa ko rubu'in abin da za ta iya ba. In ya ƙara amfilifaya, wat biyar ɗin nan dai zai ci gaba da sha, sai dai daga akwati mai tsada.

Batun layuka tara su ja wuta lokaci ɗaya kuma, sun ce a teburin gwaji ake ganin sa, a fim da wuya. Muryar ƴan wasa daga sifikar tsakiya take fitowa, kiɗa da motsi daga biyun gaba, na gefe da na baya da na sama kuwa yawanci iska ce da ruwan sama da wucewar jirgi na ƴan daƙiƙu. Bugu da ƙari, sautin da ya fi cin wuta shi ne mai kauri na ƙasa. Tsarin THX, wanda ya samo asali a kamfanin Lucasfilm a 1983, shi ya yaɗa al'adar yanke sauti a Hz 80: duk abin da ke ƙasa da nan a tura wa wufa, wadda take da amfilifayarta a cikinta. Wato duk mai wufa irin wannan ya riga ya mallaki amfilifaya ta waje, kuma ita ke ɗauke da kaya mafi nauyi. Sau da yawa matsalar mutum ita ce ya bar sifikokinsa a saitin "manya" a cikin risiba. In ya mayar da su "ƙanana" ya sa yankan a 80, zai samu sauƙin da yake nema ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

To, ingancin sautin fa? Masu amfilifaya sukan ce ko a ƙaramar ƙara sautin ya fi tsabta da faɗi. A nan ne ake tuna musu gwajin da mujallar Stereo Review ta Amurka ta buga a 1987, wanda injiniya David Clark ya shirya. An jera amfilifayoyi daga risiba mai arha har zuwa masu tsadar gaske, aka daidaita ƙararsu, aka hana masu sauraro sanin wadda ke aiki. Sakamakon bai nuna sun iya bambance su fiye da mai cankar sa'a ba. Har yau akwai masu sukar tsarin gwajin, amma darasinsa ya tsaya: in amfilifayoyi biyu masu lafiya suna aiki cikin iyakar ƙarfinsu, kuma ƙararsu ɗaya, bambancinsu ƙanƙane ne ƙwarai.

Daidaita ƙarar shi ne sirrin. Ka shiga shagon mai kayan sauti, ya kunna maka wani yanki na fim da risiba kaɗai. Sai ya zagaya baya ya sauya wayoyi, ya sake kunna shi da amfilifaya. Lambar da ke fuskar risiba ba ta canja ba, amma sabuwar na'urar tana ɗaga sauti fiye da ta ciki da desibel ɗaya ko biyu. Kunnenka ba zai ce maka an ƙara ƙara ba. Zai ce maka ganga ta fi cika, murya ta fi fitowa, ɗakin ya buɗe. Mai shagon ba lallai yaudararka yake yi ba, shi ma abin da ya ji ke nan.

Daga nan sai su juya ga ɗakin kansa. Floyd Toole, wanda ya shafe shekaru yana binciken sauti a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada sannan a kamfanin Harman, aikinsa ya nuna cewa sifika da ɗakin da take ciki su ne suka fi yanke hukuncin abin da kunne zai ji. Duba falon zamani a garuruwanmu: ƙasa tayil, bango siminti, silin mai santsi, teburin gilashi a tsakiya, tagogi masu faɗi. Sauti yana dukan wannan ya koma wancan har maganar ɗan wasa ta cakuɗe. Sifikar tsakiya an tura ta can cikin kanta a ƙarƙashin talabijin tana magana da gwiwoyin mutane. Mai gida ya kasa jin hira, ya ƙara ƙara, harbin bindiga ya firgita yara, ya rage, ya yanke hukuncin cewa ƙarfi ne ya yi kaɗan. Wat dubu ba za su gyara wannan ba. Kafet mai kauri, labule mai nauyi, a jawo sifikar zuwa bakin kanta a ɗaga fuskarta ta kalli kunne, a sake saiti da makirfon risiba ta tsarin daidaita sauti irin su Audyssey ko YPAO ko Dirac, waɗannan za su yi.

Sannan ga wahalhalun da ba a faɗa a talla. Amfilifaya irin ta gargajiya, ajin AB, ko a mafi kyawun aikinta wani babban kaso na wutar da ta sha zafi yake zama, kuma tana shan wuta ko ba a kunna komai ba. Ga wanda yake kallo da inbata da batiran sola ko ƙaramin janareta, wannan ƙarin kaya ne a kan firji da fanka. Babbar taransifomarta tana fizgar wuta lokacin kunnawa, har ta iya sa ƙaramar inbata ta ɗauke. Kayan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka yawanci na bolt 120 ne, mu kuwa 230 muke amfani da shi, don haka sai an haɗa da taransifomar rage wuta mai girman da zai ɗauke ta, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ƙona ta. A gidan da wayar ƙasa ba ta da kyau, haɗa akwati biyu yakan haifar da wani gunji a sifika wanda cire shi sai an sha fama. Ga maƙwabta, ga jariri na barci. Ga kunnen kansa: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar kada su wuce awa 40 a mako a ƙarar desibel 80, kuma lokacin yana raguwa da sauri in ƙarar ta hau.

Inda gaskiyar take

In aka saurari ɓangarorin biyu da kyau, za a ga ba ɗaki ɗaya suke magana a kai ba. Na farko yana tunanin babban zaure, kujera nesa da mita huɗu ko biyar, sifikoki masu om 4 marasa saurin amsawa, da mai gida mai son ƙarar silima sosai. Na biyu yana tunanin falo madaidaici, wufa mai kyau, da iyali masu kallo bayan sallar isha'i. Kowanne ya yi daidai a ɗakinsa. Amfilifaya ta waje maganin ciwo ɗaya ce, wato ƙarewar ƙarfi. Mai wannan ciwo zai ji bambanci a daren farko. Wanda ba shi da shi zai ji bambanci na mako ɗaya, saboda ya biya kuɗi, daga nan ya daina ji.

Alamomin ciwon kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Risiba tana kashe kanta a wuraren da fim ya yi zafi. Samanta yana zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba, alhali tana da sararin shan iska. Sauti yana daɗi a ƙaramar ƙara, amma da an ɗaga sai ya yi kaushi ya ƙanƙance, fashewa ta daina girma ko an ƙara. Ko kuma lissafin sifika da nisa da ƙarar da mutum yake so ya nuna yana buƙatar fiye da abin da risibar ke bayarwa. Ko yana son layuka fiye da waɗanda ke cikinta. In ɗaya daga cikin waɗannan ya tabbata, masu cewa a ƙara sun yi nasara. Sai dai ko a nan a yi hattara, domin sifika ma tana da iyakarta, kuma ƙaramar sifika da ta kai maƙura ba ta amfana da ƙarin wat. Wani lokaci sauya sifika ya fi: mai desibel 93 tana buƙatar rubu'in wutar da mai 87 take buƙata don ta ba da ƙara iri ɗaya.

Wanda hujja ta tsaya masa, ba sai ya sayi mai layi bakwai ba. Mai layi uku ta ɗauki hagu da dama da tsakiya, ko mai biyu ta ɗauki hagu da dama, risiba ta ji da sauran cikin sauƙi tunda an rage mata masu ci. Ya nemi wadda ta ninka ƙarfin risibarsa aƙalla sau biyu, in ba haka ba sauyin bai taka kara ya karya ba. A yanayinmu na zafi da tsadar wuta, ajin D, wadda ke mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ta sha zuwa aiki, ta fi dacewa. Ya tabbatar siginar da ramukan risibarsa ke fitarwa ta isa ta tuƙa amfilifayar zuwa cikakken ƙarfinta, ya duba bolt ɗin da aka rubuta a baya kafin ya soka a soket, sannan ya sake saitin makirfo bayan haɗawa.

A nawa ganin, masu cewa a bari sun fi yawan gidaje a bayansu. A mafi yawan faluka, kuɗin amfilifaya zai fi amfani in aka kai shi ga wufa mai kyau, ko ta biyu don sautin ƙasa ya daidaita a duk kujeru, ko sifikar tsakiya mai inganci, ko kafet da labule, ko ma sitabilaiza da za ta kare kayan da ake da su daga haukan wuta. Amfilifaya tana da gurbinta, amma a ƙarshen layi, bayan an gyara ɗaki, an zaunar da sifikoki inda ya kamata, an yi saiti, sannan risiba ta nuna da kanta cewa ta gaza. Kuma ko a lokacin, mai hankali zai roƙi mai shago ya ba shi ita aro na kwana biyu, ya gwada a falonsa da ƙara daidai wa daida, ya sa wani ya riƙa sauya wayoyin ba tare da ya gani ba. In ya iya gane ta ido rufe, ya biya da zuciya ɗaya. In ya kasa, ya mayar da ita ya yi godiya.